Wutsiyar Linki

A layin masu gyaran waya, ƙarƙashin matattakalar wani bene mai hawa uku, akwai wani teburi mai gilashi da ya girmi yawancin masu shagunan wurin. A bayansa Danna-Nan yake zama. Shekara ashirin da shida yana gyaran agogo, kuma Mai Agogo ake ce masa a da, kafin wayar hannu ta zo ta kashe masa kasuwa yana ji yana gani. Yanzu sai mutum ya tsaya a gabansa, ya zaro waya ya duba lokaci, sannan ya tambaye shi inda ake sayar da caja. Ranar da ya yi sa'a ya sa batir biyu, ya huda maɗauri ɗaya.

Mutum ne mai tsaf-tsaf har abin ya zama masa ciwo. Sukudirebobinsa a jere suke bisa tsawo, hantsaki a dama, gilashin ido ɗaya a hagu. In ya ga zare na lilo a rigar baƙo, sai ya nemi izini ya yanke. Matarsa ta daina ajiye almakashi a fili tun ranar da ya daidaita mata gezar labule, wai ta yi yawa.

Da kasuwa ta mutu ne ya faɗa dillancin intanet. Wani saurayi da ake kira Koci, mai ɗaukar bidiyo a jingine da mota, shi ya tara su a guruf ɗin waya, su sittin da uku, ya sa musu suna Masu Nasara. Harkar ba wuya, in ji shi. Wani kamfanin sayar da kaya zai ba kowa linki nasa, ka yi ta turawa mutane, duk wanda ya danna ya sayi abu, kana kwance la'ada za ta same ka. Sati shida Koci ya yi yana koya musu yadda masu arziki suke tunani, da yadda suke tashi daga barci, da irin abokan da suke gujewa. Linkin kansa kuwa bai taɓa tsayawa ya yi bayaninsa ba. A sati na bakwai ya yi ɓatan dabo, shi da motar.

Mai Agogo ne ya ɗauki ragamar, ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Kullum ƙarfe shida na safe daidai, ba shida da minti ɗaya ba, saƙon muryarsa zai shigo guruf. Ya gaishe su, ya ce kada kowa ya karaya, yau ma rana ce. Duk wanda ke cikin wayarsa kuma, daga surukinsa har mai kawo masa batir, sai ya tashi da hoton fitila ko dutsen guga, da rubutu a ƙasa: danna nan. Haka sunan ya bi shi, har 'ya'yansa in an tambaye su gidansu sai su ce gidan Danna-Nan.

Shi ne kuma ya kawo gyara na farko a harkar. Da ya buɗe linkinsa ya ga bayan sunan kayan akwai alamar tambaya, bayanta kuma wata doguwar wutsiya ta haruffa da lambobi a cakuɗe, sai ransa ya ɓaci. Ya goge wutsiyar, ya danna, shafin ya buɗe sumul. Washegari ya sanar da Masu Nasara cewa wannan tarkace ne kawai, kuma ta yaya mai saye zai amince da linkin da shi kansa yake tambaya? Kowa ya ga hankali a maganar. Har bidiyo ya yi musu na yadda ake yankewa, kuma a cikin bidiyoyin guruf ɗin kaf shi ne kaɗai ya koyar da wani abu da hannu zai iya yi.

Wata goma sha ɗaya suka yi a haka, ba wanda ya ga ko sisi. Masu Nasara suka yi ta zubewa har suka koma bakwai. Duk wanda gwiwarsa ta yi sanyi, Danna-Nan zai kira shi da katinsa, ya lallashe shi, wani lokaci har ya rufe teburi ya bi shi wurin aiki. Mai Kemis ya ce mutanen garin ne ba su waye ba. Malama, wadda ke koyarwa a firamare, ta ce hassada ce kawai ta dangi. Danna-Nan ya ce duk ba komai, shi ya taɓa yin wata uku yana neman ciwon agogo guda.

Amma a cikin bakwai ɗin akwai wanda in ya tuna shi sai gabansa ya faɗi. Baba Direba shekara talatin ya yi yana jan motar wani ofis, sai idonsa ya raunana aka sallame shi. Babbar 'yarsa ta taɓa zuwa wurin teburin, ta tsuguna ta gaishe da Danna-Nan, ta gaya masa abin da bai sani ba. Kafin guruf ɗin nan, ta ce, mahaifinsu wata biyar ya yi a ɗaki da labule a sake, ba ya aski, ba ya amsa sallama. Yanzu kuwa shida saura yake tashi, ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya zauna a ƙofar gida da waya a hannu kamar mai jiran oga. Ta roƙe shi don Allah kada ya bari baban nasu ya fita, ko da ba a samun komai.

To, ranar wata Talata Baba Direba ya turo linki guruf, da wutsiyarsa zaƙo-zaƙo har layi huɗu. Hoton wani agogon bango ne na roba, ruwan hoda, mai kukan tsuntsu duk awa. Ya biyo shi da saƙo cikin murya ƙasa-ƙasa, ya ce a yi masa afuwa, idonsa ya gaji da yanke-yanke. Wannan ne na ƙarshe, in sati ya zagayo shiru, zai koma ɗaki ya huta.

Danna-Nan ya daɗe yana kallon agogon. A duniya ba abin da ya raina kamar irinsa, agogon da ba a gyarawa sai dai a jefar. Wutsiyar kuma sai da ta sa yatsansa ƙaiƙayi. Ya dai cije, ya danna a yadda take, ya saya da kuɗin batir na kwana tara. Da aka kawo, ya cusa shi ƙarƙashin teburi, ya rufe da tsohon buhu don kada maƙwabta su yi masa dariya.

Kwana biyar bayan haka, yana shan shayi da safe, saƙon Baba Direba ya shigo. Dattijon sai haki yake yi. La'ada ta shigo. Wani bawan Allah, wanda bai san shi ba, ya sayi agogo. Abin da aka ba shi ba zai sayi datar kwana uku ba, amma ya sa 'yarsa ta karanta masa har sau huɗu. Guruf ya kaure da murna, Danna-Nan bakinsa har kunne, ya ƙara wa wayar murya don matarsa ta ji.

Ita kuwa ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta ɓata fuska.

"Baban yara, kwana nawa abin yake yi kafin ya shigo?"

"Biyar, in ya daɗe bakwai."

"To ni yau wata biyu ke nan da na sayi injin markaɗe ta linkinka. Gidan Yaya na sa aka kai don kada ka gane. Ita ma ta sayi dutsen guga don ta taimaka. Kullum ina jira in ji ka yi ihu, shiru. Har na fara zargin ɓoye mini kake yi."

Danna-Nan ya ture kofin shayin gefe. Ya tafi wurin aiki, ya ajiye waya a kan gilashi, ya manna gilashin ido ɗaya, ya jera linkin biyu kamar yadda yake jera agogo mai lafiya da mara lafiya. Nasa gajere, tsaf, abin sha'awa. Na Baba Direba ya bi shi harafi-harafi har ƙarshen wutsiya, inda ya ga lamba huɗu: 5082. Ya san lambar. Ita ce lambar rajistar dattijon a kamfanin, wadda yake yawan cewa ta yi kama da lambar tsohuwar motarsa. Ashe wutsiyar nan ita ce sunan dillali. Ita ce take gaya wa kamfani wanda ya kawo mai saye. Wata goma sha ɗaya ke nan Masu Nasara suna yi wa kamfani talla kyauta, cikin tsabta da tsari, bisa koyarwarsa.

Dabara ta zo masa nan take, don shi ma ya zauna a ajin Koci. Gobe da shida sai ya ce ya gano wani sabon sirri, daga yau a riƙa barin wutsiya. Za su gode masa, har su ƙara masa girma. Ya gwada wa matarsa jawabin da yamma, tana yankan farce. Ta saurara har ya gama, ta ce jawabin ya yi kyau, saura ya nemi motar da zai jingina. Nan ya watsar da dabarar.

Da shida ta buga, ya faɗi gaskiya. Ya ce shi ne ya cuce su, ba dangi ba, ba mutanen gari ba, ya bayyana abin dalla-dalla, ya nemi gafara. Mai Kemis ya fice daga guruf ko sallama babu. Malama ta turo saƙon minti tara. A ciki ta ce 'yar ƙanwar babarta ta rantse mata ta sayi tukwane ta linkinta, ita kuma ta kira ta maƙaryaciya a gaban mutane, yau wata shida ba sa ga-maciji, yanzu da wane baki za ta je? Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Baba Direba kuwa ya saurara, alama ta nuna, amma bai ce komai ba.

Washegari shida ta yi, ba saƙo. Jibi ma haka. Danna-Nan ya riƙa ɗaukar wayar yana ajiyewa. Kunya ta hana shi, tsoro kuma ya cika shi, yana ta ganin labulen nan a sake.

A rana ta uku, sha ɗaya saura, yana zaune ya zabga tagumi, sai ga riga mai guga a gaban teburi. Baba Direba ne, da sandarsa, mota biyu ya hau kafin ya iso. Danna-Nan ya miƙe tsuru-tsuru ya ba shi kujera, ya fara jero ban haƙuri. Dattijon ya ɗaga masa hannu. Ana cikin haka sha ɗaya ta cika, sai kukan tsuntsu ya ɓarke daga ƙarƙashin teburi, ta cikin buhu, har sau goma sha ɗaya. Idon Baba Direba ne ya raunana, kunnensa garau yake, kuma bidiyon tallan agogon nan ya saurare shi ya fi sau hamsin.

Ya sa sanda ya ɗage buhun, ya daɗe yana kallon ruwan hodar.

"Ashe kai ne bawan Allahn."

"Baba, ni dai..."

"Ƙanena, ni na ja mota shekara talatin. Na sha bin hanyar da ba ita ba da mutane a baya, kuma ban taɓa juyowa na ce musu na ɓata ba, sai in ce gajeriyar hanya ce. Kai ka faɗa." Ya gyara zama. "Amma ba wannan ya kawo ni ba. Kwana uku ina wanka ina zama a ƙofar gida, shida tana wucewa. In ka gaji ne ka gaya mini, in san abin da zan ce wa yarinyar nan."

Danna-Nan ya sunkuyar da kai, ya ce ai ba shi da sauran bakin da zai ce wa wani kada ya karaya. Baba Direba ya ce to ya ara masa nasa. Ya zaro waya, ya kai ta dab da hanci, ya lalubi wurin dannawa, ya ce wa Masu Nasara, su shidan da suka rage, ga shi ga shugaba, lafiyarsa lau, gobe da shida za su ji shi. Malama kuma ta shirya, ranar Asabar su biyu za su raka ta gidan 'yar'uwarta, shugaba ne zai yi bayani tunda shi ya iya. Bai tambayi shugaban ba kafin ya tura.

Da zai tafi ya ce a fito da agogon nan daga buhu, kaya ne mai kyau, shi ya san dillalinsa. Ya tsaya a kai har sai da Danna-Nan ya kafa ƙusa ya rataye shi a saman teburi, inda duk layin za su gani, masu gyaran waya suna leƙowa suna ƙunshe dariya.

Har yau yana nan a rataye, yana ƙara minti huɗu a kowane sati, kuma ba a iya buɗe shi balle a gyara. Danna-Nan yakan dube shi ya yi tsaki. Washegarin zuwan Baba Direba dai, da shida daidai a agogon hannunsa, ya gaishe da sauran mutum biyar, ya ce yau ma rana ce. Sannan ya tura wa surukinsa hoton fitila, da linki layi huɗu, ya zauna a kan hannunsa na dama don kada ya yanke wutsiyar, har saƙon ya tafi.