Sunayen da Isyaku Ya Ƙi Gogewa

Isyaku mutumin Indabo ne, malamin lissafi a wata sakandare kafin ya ajiye alli. Bayan soja sun koma bariki, aka buɗe jami'a a Wudil, sai shi da yayansa Ƙasimu suka kama shago a bakin titi, suna buga wa ɗalibai takardu a kwamfuta.

Wani malamin jami'ar ne ya ba shi faifan wata manhaja ta kula da kayan kanti, wadda wasu mutane a ƙasashen waje suka rubuta suka sake ta kyauta. Isyaku ya duƙufa a kanta damina guda. Ya mayar da ita Hausa, ya gyara ta yadda mai kyamis zai san maganin da ya kusa lalacewa. Masu kyamis suka fara nema har daga Gaya.

Sai dai lasisinta na da sharaɗi: duk wanda ka ba, sai ka haɗa masa da ainihin rubutun da aka gina ta da shi, har da gyaranka, kuma ba a goge sunayen masu ita.

"Goge su, ka rufe abinka," in ji Ƙasimu. "Wa zai taso daga Turai ya zo Wudil bincike?"

"Yaya, da sharaɗin na karɓa. Amana ce."

"Amanar wa? Ka taɓa ganinsu?"

Isyaku bai goge ba. Kafin rani ya fita, wani mai shago a Kano ya sayi faifai ɗaya, ya kwashi rubutun, ya cire sunayen duka har da na Isyaku, ya sa nasa. Isyaku ya hau mota ya same shi. Ya ce ba sayarwa yake hana shi ba, ya dai mayar da sunayen, ya riƙa ba mutane rubutun. Mutumin ya ce ya je ya kai ƙara. Lauyan da Isyaku ya tuntuɓa kuwa ya ce bai taɓa jin irin wannan shari'a ba.

Ƙasimu ya ɗauke injin hotokofi ya kama nasa shagon. Tsakaninsu sai gaisuwa a ƙofar masallaci. Isyaku ya rame, ya rage magana.

Wata Juma'a wani tsohon kwastomansa daga Lajawa ya dawo masa da faifai, yana ta sunkuyar da kai.

"Malam, ka yi haƙuri. An ce mana na Kano ne na asali, naka kwafi ne."

Isyaku ya karɓa, ya tambaye shi mutanen gida, ya raka shi har bakin titi.