Takardar Yaya a Hular Kawu

Mun tashi da asuba daga Wudil, ni da Kawu, za mu banki a Kano. Yayana da ke karatu a Ingila ya karye a ƙafa, ya rubuto a tura masa kuɗin jirgi ya dawo gida. A ƙasan wasiƙar ya jera wasu haruffa da lambobi, ya ce shaidar bankinsa ce, in babu su kuɗin ba za su same shi ba. Kawu ya ninke ta ya cusa a hula, wai yarinya ba ta riƙon takarda.

A bakin gada muka karya da koko da ƙosai. Masu kifi sun ninka farashi, wai kowa ya yi kuɗi yanzu. Titi kuwa cike da motocin siminti da sababbin fijo, direbanmu na tsere da su. Na rufe ido har Mariri.

Sai da hantsi layi ya zo kanmu a banki. Kawu ya tuɓe hula, sai ga takarda sharkaf da gumi, tawada ta narke, haruffa uku sun zama baƙin tabo. Akawun bankin ya ce, "Alhaji, in na yi cinta, kuɗin nan sai su tafi wata ƙasa."

"To ka rubuta sunan yaron mana, ai ɗan gidan mutunci ne!"

"A Wudil ba."

A zuci ina ta ganin Yaya kwance shi kaɗai. Akawun ya dube ni: "'Yammata, kin yi boko?" Na ce na gama sakandare. Ya turo mini wani littafi mai kaurin turmi, na bankunan duniya. Na tuna sunan garin da nake rubutawa a bayan ambulan duk wata. Na bi da yatsa, layi bayan layi, har na ga reshen da sauran haruffan suka dace da shi. Akawun ya aika tambaya Ingila ta na'urar teles, ta yi ta ƙaƙat-ƙaƙat. Bayan la'asar amsa ta zo: sun gane mai asusun.

Kawu ya saya mini tsire da lemon kwalba.

Mun iso gida ana kiran magariba. Raina fes. Na gane duniya ba ta san gidanmu ba, lamba ta sani, kuma zan iya nemo ta. Inna ta tare mu a zaure: "Zai dawo?"

Kawu ya nuna ni da haɓa. "Tambayi wannan."

Na ce, "Inna, a share masa ɗaki."