Yadda Na Bi Baturen Rijiya Har Safana

Darini

Da assalatu na ɗora wa jakina akumari na bar gida. Shekarar nan kurkunu ya kwantar da rabin garinmu ana tsakiyar aikin gona, don ruwan tabki muke sha. Ni ma ban tsira ba, da ɗingishi na fito. Da aka ji Baturen rijiya yana rangadi, mai gari ya ce ni zan je in roƙo mana rijiya, kuma bai ɓoye mini dalili ba: "Ɗanjuma, duk garin nan babu mai nacinka. Je ka yi shi inda zai amfane mu." Na ji haushi ƙwarai, amma na tafi.

Batsari

Da hantsi na iso. Ɗan doka ya duba takardar harajina, na sha furar kwabo a kasuwa, na wuce bariki. Na faɗi gaban Bature na yi gaisuwa, na kai kukanmu. Tafinta ya ce, "Bature ya ce bana an gama rabo, sai baɗi." Da azahar na koma. Da la'asar ma na koma. Na kwana a zauren wani malamin allo, ya ba ni tuwon dawa. Gari na wayewa aka ce ai mutumin ya yi Safana.

Safana

Yini guda cur na yi a hanya, jakin ma har ya fara fushi da ni. Bature na ganina ya dafe kai. Na samu gindin tsamiya na zauna. In ya fito in gaishe shi in tuna masa, in zai shiga ma haka.

Rana ta uku tafinta ya ce, "Bawan Allah, ka cika masa kunne, ko shayi ba ya sha cikin natsuwa."

Na ce, "To, ya duba wannan, sai in tafi." Na kwance tsumman ƙafata, ga kurkunu naɗe a tsinke.

Bature ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaya da Hausarsa, "Da ƙafar nan ka biyo ni?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne mai sauƙin cikinmu."

Komawa gida

Tare da shugaban maginan rijiya muka juyo. Ranar Alhamis da la'asar muka shiga Darini, ya kafa turke a bayan masallaci inda za a haƙa rijiya, mata suna leƙowa ta kan danga. Ina gode wa Allah, da malamin da ya saukar da ni, da tafintan da bai kore ni ba. Yau jikokina ba su san kurkunu ba sai a bakina.