Rassa Bakwai Daga Mangwaron Inna

Zungur, ƙarfe biyar da rabi

Ana sallame sallar asuba ban tsaya gaishe-gaishen ƙofar masallaci ba. Na shiga gida na zuba kayana a jakar buhu: tsohon tawul, almakashin lambu, da katin asibitin da aka rubuta mini ranar Laraba. Matata Hauwa tana hura wuta, ta ɗago ta dubi kumatuna na dama, wanda ya kumbura kamar na ɓoye goro a ciki.

"Malam, yau dai haƙori za a cire, ko itace za a je gaisarwa?"

"Duka biyun."

"To Allah Ya sa ka tuna da na bakin."

Tana da gaskiyarta. Wata huɗu ina lallashin wannan matauni da kanumfari da ruwan gishiri. Sau biyu ana ba ni rana ina ƙin zuwa, wai ban ruwan tumatir ya hana ni. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ni da na yi shekara talatin ina jera 'yan firamare a layin allurar rigakafi ina ce musu ba zafi, ga ni ina gudun kujerar likita.

Ba ciwon ne ya fitar da ni wannan karon ba. Ƙanena Isa ne ya kira ni ran Litinin ya ce za a sare mangwaron da marigayiya Inna, mahaifiyarmu, ta dasa a tsakar gidanmu na Ƙofar Ran a cikin gari, don a gina wa ɗansa ɗaki, kuma masu sara za su zo Laraba da safe. Mangwaron nan ba shi da zare ko ɗaya. Da haƙoran Inna suka ƙare, da cokali take shan sa. Sau uku ina shuka ƙwallonsa a lambuna, duk 'ya'yan suka fito da zare kamar tsintsiya. Hanya ɗaya ta rage, a yi masa aure: a yanko kan reshensa, a tsaga ƙaramin dashe a soka shi a ɗaure, su haɗu su zama itace ɗaya. Ina da dashe bakwai a leda, shekara biyu ina cewa gobe. A zafin ƙarshen bazara kuwa, reshen da aka yanka da safe, in ya kwana bai hau dashe ba, sai dai a hura wuta da shi.

Ƙarfe shida saura minti goma na shiga gaban a-kori-kurar Ɗanlami, mai kai kwandunan tumatir kasuwa. Ko ganye ba ya motsi, gumi tun da duku-duku.

"Malam, yau akwai ruwa," in ji Ɗanlami. "Jiya na ga tururuwa suna kwashe ƙwai suna hawa katanga."

"Tururuwan naka sati uku ke nan suna kwashe ƙwai."

"Na yau daban ne."

Kowane rami muka faɗa sai na ji shi a tsakiyar kaina. A shingen da ke gab da shiga gari aka leƙa bayan motar aka ɗaga mana hannu. Bakwai da 'yan mintoci na sauka, na tari keke zuwa Ƙofar Ran.

Ƙofar Ran, ƙarfe bakwai da minti ashirin

Tun a mota na gama shirya maganar da zan gaya wa Isa, har da wurin da zan ɗaga murya. Na yi sallama na shiga, sai na tarar da shi zaune a kan turmi a gindin itacen, ya kifa hularsa a gwiwa. Masu sara biyu suna zaure da injinsu, ya hana su shigowa.

"Yaya, sannu da hanya. Na ce musu ko ganye ba za a taɓa ba sai ka zo."

"Da ba za a taɓa ba gaba ɗaya fa?"

"Yaya, dubi gidan nan. Mu goma sha tara ne. Ina zan sa yaron?"

Na duba. Inda muke wasan langa da ƙuruciya yanzu ɗakuna uku ne da igiyar shanya. Maganar da na shiryo ta narke. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle ni da na yi zamana a ƙauye da fili iya ganina, na bar shi da cunkoso.

Aka kawo koko da ƙosai. Na sha kokon, ƙosan kuwa sai ido. Daga nan Isa ya riƙe mini tsani na hau. Na zaɓi kawunan rassan da idonsu ya kumbura amma bai fashe ba, kaurin fensir, tsawon taƙi guda. Na yanko bakwai, na zage ganyen, na jiƙa tawul a randa na naɗe su. Da na sauko na dafa jikin itacen, daidai inda Inna take rataye faifanta. Ƙusar tana nan.

Ban tsaya an fara ba. Ina bakin titi ina jiran keke na ji injin ya tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rungume jakar a ƙirji, mai keken ya ɗauka haƙorin ne ya yi ta yi mini sannu.

Asibitin haƙori, ƙarfe tara da minti biyar

Aka karɓi katina aka ba ni lamba talatin da ɗaya. Ana kan ta shida. Muka jeru a benci ƙarƙashin rumfar kwano, kowa da hannu a kumatu kamar masu zaman makoki. Wajen sha ɗaya rufin ya fara gasa mu. Na sa hannu a jaka, na ji tawul ɗin ya yi ɗumi, gefensa ya fara bushewa. Na je famfo, babu ruwa.

Nan fa zuciya ta fara kawo shawara mai daɗi. Haƙori ya jira wata huɗu, zai jira mako guda. Reshe kuwa ba zai jira ba. In na tashi yanzu, kafin azahar ina lambu. Har na ji ciwon ya lafa don murna.

Na miƙe na nufi ƙofa. A bakin ƙofar akwai wata mata 'yar Kudu da babbar kula, tana sayar da zoɓo da ruwan leda mai sanyi. Daga baya na ji matar soja ce daga barikin Shadawanka, kowa Madam yake ce mata. Na tsaya in sayi ruwa in jiƙa tawul.

"Baba, ba a kira lamba naka ba. Ina za ka?"

Na buɗe tawul na nuna mata, na yi bayani a taƙaice. Ta ɗauki reshe ɗaya ta juya shi.

"Uwa naka ne ya shuka?"

"Ita ce."

"A gida namu baba na yana yi wa lemu haka. Kawo."

Ta zuba wa tawul ɗin ruwa, ta matse, ta sa a leda, ta ajiye a cikin kular daga sama, can nesa da ƙanƙara, ta rufe. Sannan ta zauna a kan murfin.

"Yanzu koma layi. In ban ga auduga a baki naka ba, ba zan tashi ba. Na san irin ku. Miji na yana riƙe bindiga, amma ni na kawo shi nan da hannu."

Mutanen benci suka yi dariya iya yadda kumatu ya bari. Na koma na zauna, ba yadda na iya.

Ɗaya saura minti ashirin aka kira talatin da ɗaya. Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata Sadiya ba. Ta haska bakina ta ce, "Baba, aswaki ya yi maka rana, sauran lafiya lau. Wannan ɗayan kuwa rake ne ya gama da shi." Ta yi allura a dasashi, muka jira leɓena ya yi nauyi. Na runtse ido ina jiran tashin alƙiyama, sai na ji ƙarar abu a faranti. Duka-duka bai kai minti goma ba. Wata huɗu ina gudun abin da bai kai cire ƙaya zafi ba, kunya ta kama ni.

"Ka cije audugar nan. Yau ba kurkure baki, ba abu mai zafi. Ba sunkuyo, ba aikin ƙarfi sai gobe."

Na so in ce ina da aure bakwai da zan ɗaura kafin magariba, amma na ga in na faɗa da wannan bakin, wani asibitin za ta tura ni. Na gyaɗa kai kawai.

A ƙofa na nuna wa Madam audugar. Ta tashi daga kan kular ta miƙo mini ledar, rassan sun yi sanyi, kore shar. Na ciro kuɗi, ta harare ni.

"In ya kama, kawo mini ɗaya."

Hanyar komawa, ƙarfe biyu da rabi

Na yi azahar a masallacin tasha, na sami wuri kusa da taga a wata tsohuwar bas. Muna fita gari na ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ledoji a gefen titi. A shinge wani soja ya nuna jakata ya tambayi abin da ke ciki. Na buɗe baki, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. Na miƙa masa katin asibiti da hannu ɗaya, tawul da ɗaya. Ya buɗe, ya ga itatuwa bakwai a jere.

"Baba, aswaki ne? Ai da tun farko ka riƙa yi, da ba a kai ga haka ba."

Motar ta ɗauki dariya. Na bar shi a haka, don ba ni da bakin kare kaina.

Gida, ƙarfe huɗu da minti goma

Bayan la'asar na wuce lambuna na bayan gida kai tsaye, hadari yana bina. Na jawo dashen, na ɗauko sabuwar reza da ledar ɗauri, na durƙusa. Na farko na fere shi a karkace. A na biyu na ji ɗanɗanon jini, kaina yana bugawa. Saura biyar, ga iska mai ƙanshin ƙasa ta iso.

Ban ji zuwan Hauwa ba. Ta karɓe rezar daga hannuna, ta tura mini kujera da ƙafa.

"Zauna. An ce kar ka sunkuya, Isa ya kira ya gaya mini ka wuce asibiti, ni kuma na san abin da likita ke cewa."

Na yi mata alama da hannu cewa wannan ba yankan kuɓewa ba ne.

"Shekara talatin ina kallon ka daga bakin murhu. Ka ɗauka hayaƙi kawai nake gani?"

Ta yanke kan dashen, ta tsaga shi daidai gaɓar yatsa, ta fere gindin reshen gefe biyu da yanka ɗaya-ɗaya, ta soka, ta daidaita ɓawo da ɓawo, ta ɗaure daga ƙasa zuwa sama. Ko sau ɗaya ba ta dube ni ba. Wannan matar da take kiran lambuna asarar ruwa. Ta gama biyar ɗin, ta kifa wa kowanne farar leda, muka kwashe su zuwa ƙarƙashin rumfa. Muna ajiye na ƙarshe, shida saura minti ashirin da biyar, ruwan farko na shekara ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tururuwan Ɗanlami sun yi gaskiya. Muka tsaya a rumfar muna kallo, ni da auduga a baki, ina jin daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

Kwana goma sha tara bayan haka na ɗaga ledojin. Nawa biyu sun yi baƙi. A cikin biyar na Hauwa, huɗu sun fito da jajayen ganye ƙanana kamar kunnen ɓera. Na kira ta, ta zo tana goge hannu a zani, ta daɗe tana kallo.

"Lokacin da nake da cikin Sadiya, ba abin da yake zama mini sai shi," in ji ta. "Duk Juma'a Inna take aiko mini da ƙwarya guda. Ka ɗauka kai kaɗai ne ka yi rashi?"

Ɗaya zai koma Ƙofar Ran, Isa ya ce akwai kusurwa a bayan sabon ɗakin. Ɗaya na Madam ta Shadawanka ne, alkawari kaya ne. Biyu suna nan, kuma an riga an sanar da ni cewa ba nawa ba ne, ban ruwa kawai aka ɗauke ni.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, haƙori ɗaya ya ragu, itace huɗu sun ƙaru. Na gode wa Ɗanlami da tururuwansa, da likitar da ta raina tsorona, da Madam da ta zauna a kan kula. Hauwa kuwa na yi mata godiya, ta ce in adana ta, in mangwaron ya yi 'ya'ya in sayo cokali biyu.