Tambayar da Ba a Yi wa Uwar 'Yar Fari

Akwai wata Asabar ta watan Nuwamba da har yau ba ta fita daga raina ba, ranar da na ajiye injin huda a shagonmu saboda wata al'adar gida da babu ita a littafin kowane kamfani.

Bari in fara da bayanin aikin, don na san za a yi mamaki. Ni tsohon malamin kimiyya ne daga Zariya. Na biyo matata Kuala Lumpur da ta samu koyarwa a wata makaranta da ke titin Jalan Semarak, na ƙare a shagon kayan wasan ƙanƙara. A garin da gumi ke karyo wa mutum tun kafin hantsi, muna sayar da ski, wato dogayen allunan nan biyu da ake ɗaura wa ƙafa a zame a kan dusar ƙanƙara. Masu sayen galibi 'yan ƙasar ne da ke zuwa Japan ko Koriya hutun ƙarshen shekara. Ni ban taɓa taka dusar ƙanƙara ba. Amma na daɗe ina koyar da saurin faɗowar abu daga sama ban taɓa faɗowa daga bene ba, don haka abin bai dame ni ba.

Matakai uku ne a shagon: mai sayarwa a gaba, mai haɗawa a ɗakin baya, sai manaja. Ni ne mai haɗawa. Aikina in huda allon in kafa masa maɗauri, ƙarfen da ke riƙe takalmi. Maɗauri mai kyau ya san lokacin riƙewa, ya kuma san lokacin saki. Idan aka matse shi da yawa, mutum ya faɗi bai saki ba, gwiwa ce za ta murɗe. Idan aka sassauta da yawa, sai ya saki mutum yana tsakiyar gudu ko yana dirowa daga tsalle. Ana saita shi da nauyi da tsayi da shekaru da tsawon takalmi, sannan da gwanintar mai shi. Allon da aka huda kuwa ba a mayar da shi.

Ran nan manajanmu, wani dattijo Basine da kowa ke kira Ankul Lim, ya shigo min da gajeren allo siriri na 'yan koyo, da maɗauri mai saurin saki, da takalma a jaka. Ya ce wata ce ta saya wa 'yarta kyauta, tana jira. Ankul Lim ya yi ƙuruciyarsa a kan duwatsu, duk abin da na sani shi ya koya min, kuma dokarsa ɗaya ce: abin da mai saye ya faɗa game da gwanintarsa shi ake bi, kada a cusa wa ɗan koyo kayan gwanaye.

Takalman ne suka tsayar da ni. Masu tauri ne, sun sha wuya, duk gefensu zane. Na nuna masa, ya ce shi ma ya lura, amma wataƙila na hannu aka saya mata. Ya ce ya tambayi uwar da Turanci har sau biyu, ta ce yarinyar ba ta iya komai ba, gwadawa kawai take yi. Na leƙa ta labule, sai na ga mace da mayafi irin namu tana zaune ta harɗe hannu. Na roƙe shi ya ba ni izini in gaishe ta tukuna. Ya ce in yi sauri, aiki ya taru.

Muka gaisa da Hausa, ta saki fuska. Hajiya Maryama ce, mijinta na koyarwa a unguwar Lembah Pantai. Yarinyar ta yi karatu a arewacin Japan, ta dawo gida, za ta koma da ƙawayenta a watan Janairu. Duk tsawon bayanin nan ba ta kama sunanta ba, sai "yarinyar nan".

"Hajiya, 'yar fari ce?"

Ta gyara mayafi, ta dubi rufin shagon. "Ita ce dai babbarsu."

A nan na gane inda aka kwana. Ankul Lim ya tambayi uwa Bahaushiya ta yabi 'yarta ta fari a gaban baƙon namiji. Ko da yarinyar ta tashi sama da fukafukai, amsar da zai samu ke nan. Da na huda allon nan na saita maɗaurin a kan maganarta, a tsalle na farko zai rabu da ƙafar yarinyar tana sama. Sake tambayar ba zai yi amfani ba. Amma uwar da kunya ta hana yabo, ba a hana ta ƙorafi ba.

"Allah Ya raya. Yaran yanzu sai addu'a. Ba ta dai da rawar kai a can?"

"Rawar kai? Malam, bar ni da yarinyar nan. Mutane na fuskantar gaba, ita sai ta juya musu ƙeya ta riƙa tafiya da baya. Ta ga tudu ba za ta kauce ba, sai ta hau ta yi juyi a sama kamar ba 'ya mace ba. An share hanya sumul, ita sai cikin bishiyoyi, inda ƙanƙarar ke kai mata gwiwa. Ubanta ke ɗaure mata gindi."

Ta ci gaba har da kwatance da hannu, ta nuna yadda take dirowa, da wace ƙafa take fara saukewa. Ina ta "subhanallahi" da "Allah Ya shirya", ina kuma lissafin faɗin allo a raina.

Na koma na fassara wa Ankul Lim. Ya ce ai da bakinta ta ce 'yar koyo ce. Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari. Ya tambaya ko a wurinmu ba a son ɗan fari ne, na ce a'a, son ne ya yi yawa har ba a iya faɗa. Sai ya ce shi ma mahaifinsa har ya mutu bai taɓa ce masa ya yi ƙoƙari ba. Ya ɗauke gajeren allon da hannunsa.

Zaɓen da ya yi bayan nan darasi ne. Ya sauko da allo mai lanƙwasa sama gaba da baya, don mai tafiya da baya. Faɗinsa matsakaici, ya dace da hanyar da aka share, ya kuma dace da taushin ƙanƙarar cikin bishiyoyi. Bakinsa da wutsiyarsa masu laushi, don wasa da tsalle. Ya haɗa da maɗaurin da ke jure girgizar dira kafin ya saki, mai birki daidai faɗin allon. Amma ya ce ba za a huda ba sai mai shi ta zo. Hajiya ta ce ai kyautar ba-zata ce. Na ce mata to, ko ba-zata ko gwiwa.

"Ba-zata na babanta ne," in ji ta. "Ni ƙafarta nake so."

Washegari suka zo tare, a nan na ji sunanta Nafisa. Ta kafa allon a ƙasa ta danna tsakiyarsa, ya lanƙwashe ya dawo, ta yi dariya. Ita da Ankul Lim suka yi ta gardamar inda za a kafa maɗaurin, suka tsaya a kusa da tsakiya, an ɗan ja baya kaɗan. Na auna ta, na huda, na saita, na sa takalmin na murɗa shi da na'urar gwaji. Ya saki daidai inda ya kamata.

"Kawu, wa ya gaya muku irin wanda nake so?" ta tambaye ni da Hausarta mai gaurayen Turanci. "Mama fa ko bidiyona ba ta taɓa yarda ta kalla ba."

Na dubi Hajiya. Ta ba mu baya tana jujjuya safar hannu, a garin da ba wanda ke bukatar safar hannu, idonta kuwa na kan madubin gwajin kaya, inda 'yarta ke tsaye rungume da allon.

"Takalmanki ne suka faɗa mana," na ce.

Na haɗa alluna masu yawa kafin ranar da bayanta, amma babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan. Yanzu ni ke horar da sababbin ma'aikata. Ina koya musu awo da saiti, waɗannan kowa zai iya. Abin da na fi nanatawa shi ne, amsar mai saye takan zo da tarbiyyar gidansu a ciki. Wani zai ƙara wa kansa gwaninta, wani zai rage wa ɗansa, kuma dukansu ƙafa za su karya. Kafin ka ɗauki injin huda, ka san wa ke ba ka amsa, da abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba.