Jar Hular Malam Salifou

Shekara goma sha tara ƙofar Malam Salifou na kallon tawa a hawa na huɗu, nan Saint-Fons, gefen birnin Lyon. Shi Babarbare ne ɗan Damagaram, ni Bafulatani daga Dakoro, kun ga kenan ko a maƙabarta muka haɗu sai na tsokane shi. Ban yi nisa a karatun lakwal ba. Abin da zan faɗa, ko dai na gani da idona ko na ji daga bakinsa.

Ubansa majemi ne. A majema ya tashi, yana jiƙa fata, yana kankare gashi, har yatsunsa suka san fata fiye da yadda idona ya san saniya. Da ya zo Faransa ya shiga masana'antar sinadarai kamar mu duka, ƙirjinsa bai ɗauka ba, likita ya ce ya bari. Sai wata tsohuwa mai gyaran tsofaffin littattafai a cikin Lyon ta ɗauke shi shara. Wata rana ya taɓa shafi ɗaya ya ce mata wannan fatar ɗan maraƙi ce, waccan ta tunkiya. Daga ranar ta karɓe tsintsiyar, ta sa shi gyaran littattafai.

Yawancin abin da ake kawo masa littattafan ibadar Kiristoci ne na zamanin da, rubutun hannu a kan fata. Ba ya taɓa su sai ya wanke hannu, ba ya ajiye su a ƙasa. Na ce masa, "Bawana, har da na coci?" Ya ce, "Mutane sun yi kuka a kansu, Hamma. Ba na wasa da abin da mutum ya yi kuka a kai."

A gurinsa na ji cewa da can kowane gari da irin tasa addu'ar. Lyon na da tata, Paris na da tata. Paparoma da manyan limamansa, waɗanda ake kira kardinal, su ne suka tsara ta fadar Roma: a nan za a tsaya, a nan za a sunkuya, wannan za a karanta ranar kaza. Irin umarnin nan da jan tawada ake rubuta shi. Sannu a hankali ta Roma ta bi gari gari, mutanen Lyon kuwa suka daɗe riƙe da tasu. Ya taɓa shigar da ni atiliyensu, ɗakin da suke aikin, ya ɗora yatsana a kan wani shafi. Ni ban ji komai ba. Ya ce, "A nan aka kankare addu'ar gari aka rubuta ta Roma. Amma wanda ya kankare bai danna wuƙa ba. An sa shi ne, hannunsa bai so ba."

Shi ne kuma ya gaya mini, wai a nan Lyon, kusan shekara ɗari takwas baya, wani Paparoma ya ba kardinal ɗinsa jar hula. To Malam Salifou bai taɓa rabuwa da jar dara ba. Me kuke so in yi? Ranar Juma'a a ƙofar masallaci na ɗaga murya: "Ku ba da hanya, ga Kardinal na Saint-Fons!" Aka yi dariya, suna ya bi shi.

Abin da ban lissafa ba shi ne aikinsa na biyu. Shekara ashirin shi ke wanke mana gawa. Duk ɗan Nijar da ya rasu a yankin nan, ta hannunsa ya bi. Da aka naɗa Alhaji Daouda shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar, ya ji sunan, ya tambayi dalili, aka ba shi labari da ƙari. Sai ya ce hannun da ke yini a littafin coci ba zai ƙara taɓa mamatanmu ba. Malam Salifou bai yi musu ba. Ya naɗe tawul da kafur ya kai wa Alhaji har gida. Mutum biyu suka rasu a shekarar, Malam na tsaye a sahun baya. A matakala muna gaisawa, na daina tsokana, shi ma bai ce mini ni na jawo ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai yayana Kamalu ya rasu a Paris. Ɗan dako ne a rumbunan kaya na Aubervilliers, ya yi wata bakwai a kwance, magani ya cinye masa fata har ta zama kamar takardar sigari. Na tafi can, Alhaji Daouda ya biyo ni da wanda suka sa a madadin Malam. Mutumin ya kama hannun mamacin zai cuɗa, fata ta biyo yatsansa. Ya ja da baya yana salati.

Na fita na buga waya. Ban ma gaishe shi ba. Na ce, "Malam, Kamalu ne. Bakina ya ɓata maka, amma ka zo." Ya ce, "Jirgin ƙasa na ƙarfe goma zan hau. Kar kowa ya ƙara taɓa shi."

Kafin la'asar ya iso da jar hularsa. Alhaji ya buɗe baki, na riga shi: "Alhaji, sunan nan ni na ƙirƙiro shi, don ni mahaukaci ne. Gawar kuma ta ɗan'uwana ce." Malam bai kalli kowa ba. Ya yi alwala, ya rufe Kamalu, ya miƙa wa Alhaji buta ya ce, "Zuba a hankali, kan hannuna, ba kan jikinsa ba." Ruwan ya riƙa bin bayan hannunsa yana sauka. Ya fara da dama, bai cuɗa ko'ina ba. Inda fata ta ɗaga ya mai da ita wurinta da gefen yatsa, yadda na taɓa ganin yana yi wa shafukan littattafan nan. Har aka sa likkafani ba wurin da ya ƙara yagewa. Alhaji Daouda yana riƙe da buta, hawaye na bin gemunsa.

Sati ɗaya bayan mun dawo, Alhaji ya hawo hawa na huɗu da kansa, ɗauke da tawul da kafur. Ina jin su ta ƙofa, ban leƙa ba.

Washegari na gamu da Malam a matakala, na rusuna na ce, "Ina kwana, Malam Salifou." Ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Kai Bafulatani, wa ya sauke ni daga Kardinal ban sani ba?"