Littafin Alamomin Kawu Lawal

Shekara uku ke nan da rasuwar Kawu Lawal, ƙanin mahaifiyata, wanda ya koyar da lissafi a makarantarmu a Birnin Gwari. Allah Ya jiƙansa. Shi yake buga takardun jarrabawa a kwamfuta, ni kuma in zauna a gefensa bayan la'asar ina kallo.

Abin da na fi tunawa shi ne yadda yake ɗauko alama. Wani lokaci yakan buƙaci wata alamar lissafi da babu ita a salon rubutun da yake aiki da shi. Wasu sukan jawo wani salon ɗungurungum, sai sauran alamomin takardar su sauya kama. Kawu kuwa sai ya buɗe wani ɗan littafi mai shuɗin bango, ya nemo lambar alamar, ya shigar da ita ita kaɗai. Ranar da na daure na tambayi dalili, dariya ya yi. Ya ce, "Hafsatu, don kina son nono ƙwarya ɗaya sai ki koro garke duka cikin gonar masara?"

Makon jiya sabon malaminmu na lissafi ya kira ni ofis in taya shi duba takardar gwajin 'yan aji ɗaya. Shi ma salon duka ya jawo. A tambaya ta huɗu, alamar "ƙasa da ko daidai da" ta rasa ɗan layin da ke ƙarƙashinta. Da an buga haka, yara za su amsa abin da suka gani, a kuma soke musu.

Na nuna masa alamar da yatsa. Na ce, "Malam, layin ya ɓace."

Ya sunkuya ya duba, ya ɗago. "Ke da ko gaisuwarki sai an kasa kunne, ashe ido gare ki haka?"

Washegari na kawo littafin Kawu. Muka cire salon, muka shigar da alamar ita kaɗai, layin ya dawo.

Ban san abin da Kawu zai ce ba game da gaggawar da ake buga takardu da ita yanzu. Ina jin ba zai yi faɗa ba, kujera zai jawo ya fara dubawa daga tambaya ta ɗaya.

Littafin yana ofis yanzu. Jiya na leƙa shafin ƙarshe, na ga Malam ya ƙara lambar wata alama a ƙarƙashin rubutun Kawu.